Layin da Baba Ya Ja a Bayan Kunama

Ran sunan ɗiyar Habibu na ji maganar da ta sa na zauna rubuta wannan babi. An watse, ina zaune a falo na miƙe ƙafafu saboda ciwon gwiwa, sai wani abokin aikinsa ya ɗaga kai ya ga 'yar guntuwar bindigar nan ta hannu da ke rataye bisa ƙofar ɗakina, irin ta da wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ya tambaya ta wane ne. Habibu, wanda duk cikinku ya fi kowa saurin baki, ya amsa masa rabi da Hausa rabi da Faransanci.

"Ta kakanmu ce, aikinsa na ƙarshe. Lokacin ido ya riga ya tafi, sai ya sa kunamar inda ba wurinta ba. Mai ita ma bai karɓa ba."

Suka ɗan yi dariya, ba ta raini ba, irin wadda ake yi wa tsofaffin da ake so. Ban ce uffan ba. Na saba da yin shirun nan, don yau shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina yin sa. Ba laifin Habibu ba ne, abin da ya ji a gida ya maimaita, kuma a gabana aka sha faɗa ban taɓa gyarawa ba. To, yanzu gwiwa ta zaunar da ni, ido kuma ya fara yi min abin da ya yi wa Baba, gara in gyara tun ina ganin layin takarda.

Ku da kuka tashi bayan rusau ba ku san Zango, tsohuwar unguwarmu ta Wagadugu, ba sai a bakinmu. Yanzu in kun bi ta wurin benaye za ku gani da filayen da aka kewaye da kwano, amma a nan aka binne cibiyata, a nan aka binne ta Baba. Gidanmu na ƙasa ne mai zaure biyu, na farkon shi ne maƙera. Karatun makarantar maƙwabta ke tashin mu da asuba, kafin rana ta ɗaga masabar Baba ta karɓa, daga nan sai ƙarar baburan mobilet ta rufe komai har la'asar. Inna na tuyar masa a ƙofar gida, ta yi ciniki da Mosanci, ta juyo ta yi mana faɗa da Hausa, ta aiki yaro da Faransancinta na kalma biyar. Warin gawayi da ƙamshin man gyaɗa sun kama bangon zauren nan har ba ka iya raba su. Ko yau in na wuce inda ake tuyar masa kusa da masu ƙira, sai in rage tafiya ba tare da na yi niyya ba.

Baba na ƙera fartanya da wuƙa da gatari kamar kowane maƙeri, amma bindiga ce ta yi masa suna. Mosawan Wagadugu ba sa binne babban mutum ko su yi bikin bayan girbi ba tare da an harba bindiga sama ba, albarushi zalla, babu harsashi, ƙara da hayaƙi ake nema. Masu wannan harbin su ne mutanen Baba. Daga unguwar Bilbalogo suke zuwa, daga ƙauyukan bayan gari suke zuwa, su jingine kekunansu a bangonmu su zauna kan turmi. Yana da ɗabi'u biyu a aikin da ba ya saɓawa. Ta farko, ba ya faɗin mai bindiga ko ga Inna sai ranar da ya miƙa ta. In an matsa masa sai ya ce bindiga ba riga ba ce da za a yi ta yayata mai ita. Ta biyu, ba ya sa kunama, wato ɗan ƙarfen da yatsa ke ja, sai ya ga hannun mai ita. Sai ya sassaƙa icen ya kusa gamawa, ya kira mutumin, ya shafa masa baƙin tukunya a manuniya, ya ce ya riƙe kamar zai harba, ya rufe ido. Inda baƙin ya taɓa icen, nan Baba ke jan ɗan layi da tsinin basilla. Sau uku yake yin haka, in ukun ba su haɗu ba a sake wata rana.

Ni kuwa lakwal aka sa ni, wato makarantar boko, daga nan na koyi walda, na buɗe rumfa a unguwar Sisin ina yi wa mutane ƙofofi da tagogin ƙarfe. Metir ɗina na awo ba ya rabuwa da ƙuguna, har masallaci da shi nake zuwa. Da yake ni ne ɗan fari, Baba da Inna ba sa kama sunana, sai Baba ya laƙaba min Mai Metir, ya bi ni har Zango duka. Yana faɗin sa da zolaya, amma na san yana alfahari. Ni ma ina da nawa girman kan, ba zan ɓoye muku ba. A ganina baƙin tukunya aikin da ne, abin da metir bai tabbatar ba ban yarda da shi ba. Na sha gaya masa hannun mutum ai hannun mutum ne, a auna sau ɗaya a rubuta a huta.

"To, Mai Metir," yakan ce, "ranar da Allah ya fara ƙera hannuwa a rumfarka sai ka aiko min da awon."

Shekarar da aka ce za a tayar da unguwa, Baba ya haura tamanin. An zo an shafa lambobi a bangaye, an ba mu takardun parsel, wato filayen gini, a can bayan gari inda ko bishiya babu, an sa ranar tashi an ɗaga, an sake sawa. Kullum bayan azahar dattawa na taro a masallaci, su dawo da fuskoki a murtuke. A cikin wannan hali ne idon Baba ya fara ba mu tsoro. Ya zuba shayi a gefen kofi. Ya gaishe da ƙanwata da sunan maƙwabciya. Wata rana ya laluba arautaki yana nema alhali yana gabansa. Inna ta ja ni gefe a bakin murhu.

"Kai wannan, ka riƙa leƙa aikin ubanka. Kada ya kunyata kansa a ƙarshen zamansa. Ka rufa masa asiri ba tare da ya sani ba."

Ban kawo maganar Inna don in jingina mata laifi ba, Allah ya jiƙanta. Ba ta ce in taɓa komai ba. Na kawo ta ne don ku san da wace zuciya na shiga zauren nan.

A saman zaure, tsakanin azara, akwai wani guntun icen ƙirya da Baba ya ajiye yana bushewa tun ban yi aure ba. Duk sauran icensa ya ƙare ko ya rabar, wannan kaɗai ya rage, in an tambaye shi sai ya ce yana da mai shi. Bayan damina ta ɗauke sai ya sa aka sauko da shi, ya fara sassaƙa. Mako shida yana kai. Bai taɓa yin bindiga ta hannu guntuwa haka ba sai sau biyu ko uku a rayuwarsa, kuma ban taɓa ganin ya lallaɓa aiki kamar wannan ba. Ido ba ya gani sosai, amma yatsunsa na bin icen kamar yadda Inna ke tsince shinkafa. Ya gama bututun, ya gama ƙarfen da ke buga wuta, ya zaunar da kowanne a gurbinsa. Abin da ya rage shi ne a fafe ɗan siririn ramin da kunama za ta zauna a cikin icen, kuma wannan aikin hannu ne da ba ya son rawa, nasa kuwa ya fara rawa.

Ran Talata na zo gab da azahar, ya riga ya sa babbar riga zai tafi taron masallaci. Ya miƙo min icen, ya kama ɗan yatsana ya ɗora a ƙasansa har na ji wani ɗan karce.

"Ka ji layin nan? Nan za ka fafe. Kada ka ƙara, kada ka rage. In ka gama ka sa kunamar, ka naɗe ta a ƙyalle. Gobe mai ita zai zo."

"To, Baba."

Da ya fita na kai icen bakin ƙofa wurin haske, na riƙe kamar zan harba. Layin ya matso baya ƙwarai, kusa da mariƙi, har sai na lanƙwashe yatsana kafin in same shi. Akwai bindigogi bakwai a jingine na mutane da suka kawo gyara, duk ƙirar Baba, na zaro metir na auna su ɗaya bayan ɗaya daga mariƙi zuwa kunama. Bambancinsu kaɗan ne, ba wadda ta yi kusa da wannan layin. Ya kauce da kusan gaɓar yatsa guda. Na tuna shayin da ya zube, na tuna arautakin, na tuna maganar Inna. Na ce a raina babu ɗan Adam mai hannu haka, ido ne ya yaudare shi, kuma in na tambaye shi zai gane na gane, zai ji ciwo. Masallacin ba shi da nisa, tafiyar minti uku ne. Da na taka na tsaya a bakin ƙofa na jira shi, da yau ba na wannan rubutu. Ban taka ba. Na auna wurin da metir ya ce, na ja nawa layin da fensir, na fafe shi tsaf, aiki mai kyau wanda ko yau ba na jin kunyar tsaftarsa. Na sa kunama, na gwada, tana tafiya sumul. Na naɗe a ƙyalle ina jin daɗin na ceci sunan ubana.

Baba ya dawo da la'asar a gajiye. An yanke magana, ranar Asabar motocin rusau za su shigo layinmu. Bai ko kwance ƙyallen ba. Ya ce a kashe wutar maƙera, a kwance zugazugi, a fara ɗaure kaya. Wutar da kakanmu ya hura, ni na zuba mata ruwa da hannuna.

Washegari da safe, muna tsakiyar ɗaurin kaya, maƙwabta biyu na zaune sun zo sallama, sai ga Baba Tenga ya jingine kekensa a bango. Mutumin Bilbalogo ne, abokin Baba tun suna samari, mai harbin bindiga a bukukuwan gidan sarautar unguwarsu. Addininsu ba ɗaya ba, amma shekara sittin ba a yi Sallah bai ci tuwonmu ba, ba a yi bikinsu bai aiko mana da zabi ba. Junansu suke kira m zowa, wato abokina da Mosanci. Tsufa ya hana kafaɗarsa ɗaukar doguwar bindiga, shi ya sa ya roƙi guntuwa, don ya yi harbi ɗaya na ban kwana a bikin bayan girbi na shekarar kafin ya bar wa yara. Maganar roƙon nan daga baya na ji ta. A lokacin, abin da na gani shi ne Baba ya ɗauko ƙyallen yana murmushi, sai na gane abin da na aikata, don na san hannun daman Baba Tenga tun ina yaro. Manuniyarsa guntuwa ce, gaɓar farko babu. Wata bindigar ƙauye ce ta fashe masa tun kafin a haife ni, kuma tun daga ranar bai sake riƙe ƙirar kowa ba sai ta Baba.

Baba ya kwance ƙyallen, ya miƙa da hannu biyu. A wajen miƙawar babban yatsansa ya shafi ƙasan icen, na ga ya tsaya cak, amma bindigar ta riga ta isa hannun mai ita. Baba Tenga ya juya ta yana yabawa, ya shinshina icen, ya miƙe tsaye ya ɗaga ta sama kamar yadda yake yi a fili. Ya miƙa guntun yatsan. Bai kai ba. Ya gyara riƙo, ya sake miƙawa, yatsan na lilo a iska, tsakaninsa da kunamar daidai gaɓar nan da na ƙara.

"Ba komai, m zowa," in ji shi da Hausarsa mai nauyi. "Zan ja da na tsakiya."

"A'a," Baba ya ce. "Da albarushi a ciki, riƙo ya kuɓuce maka, sauran yatsun za ka bayar. Ban yarda ba."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe, da niyyar in faɗi gaskiya. Abin da ya fito shi ne, zan iya kai ta rumfa in ƙara wa kunamar ƙarfe da walda. Baba bai ko dube ni ba.

"Ba zan ba Tenga abu mai faci ba. Kuma ramin ya riga ya ci icen, in aka fafe wani a bayansa zai tsage." Ya juya wajen maƙwabtan nan, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Idona ne. Tsufa ya zo, na ja layi inda ba wurinsa ba, yaro kuma ya bi abin da na nuna masa. M zowa, ka yafe min. Ka bar ta a nan, in Allah ya sa mun zauna a sabon wuri, in samu ice in sake maka."

Dukkansu sun san ice irin wannan sai ya shekara biyu yana bushewa. Baba Tenga ya ajiye bindigar a kan turmi a hankali, ya zauna suka yi hirar duniya kamar ba abin da ya faru, ya ci masa uku, ya hau kekensa. Kafin azahar labari ya zaga abin da ya rage na Zango cewa idon maƙeri ya tafi har ya ɓata aikin amininsa. Mutane suka yi ta zuwa jaje biyu, na gida da na ido. Ina tsaye ina ɗaure katifu ina amsa musu da Allah ya sawwaƙe.

Ran Asabar muka loda kaya a babbar motar kamiyo. Baba ya ƙi a sa uwar maƙera a baya da sauran tarkace, sai da aka ɗora ta a gaba kusa da ƙafafunsa. Bai waiwaya ba da muka fita layin, Inna ce ta yi ta waiwaye tana kiran sunayen gidaje. A sabon wuri ba mu taɓa hura wutar maƙera ba. Maƙwabtan da muka yi shekara hamsin da su sun watsu, wasu Sisin, wasu ƙauye, wasu ban sake ganinsu ba. Baba ya zama mai zama a inuwar bango da carbi, a wurin da ba wanda ke jingine keke.

Sau ɗaya na gwada. Bayan wata biyu, da hantsi, na same shi shi kaɗai, na durƙusa.

"Baba, game da bindigar nan."

"An gama wannan."

"Ba idonka ba ne, Baba. Ni ne na..."

"Na sani, Mai Metir. Tun kafin ta bar hannuna na sani." Ya ja carbi. "Ni maƙerata tana ƙarƙashin ƙasa, sunana ba abin da zai sake ci da kowa. Kai da awo kake ciyar da gidan nan. In aka ji a gari Mai Metir ya kuskure awo, wa zai ba ka ƙofarsa? Tashi ka tafi aiki."

Ya miƙo hannu ya laluba kaina, ya dafa kamar ina ɗan shekara bakwai, ni da furfura ta fara fito min. Na fita bayan gida na yi kukan da ban yi ba ranar rusau. Kuma na karɓi abin da ya ba ni, wannan shi ne gaskiyar da ta fi yi min nauyi. Na ce a raina umarninsa nake bi. Amma ai shirun ya yi min daɗi, ƙofofi suka ci gaba da zuwa, da kuɗinsu kuka yi karatu.

Da zafin bazara Baba ya rasu. Ran sadakar bakwai Baba Tenga ya zo a kan kekensa, tafiyar da ta fi ƙarfin shekarunsa. Bai yi harbi a bikin shekarar ba, bai kuma sake yi ba har ya bar duniya. Da zai tafi na raka shi bakin hanya, sai ya tsaya ya ɗaga min guntun yatsan.

"Ɗana, sau uku ya shafa min baƙi a nan. Duk ukun wuri ɗaya suka faɗa, ina kallo ya ja layin. Mutumin nan ko a makance ba zai ɓata hannuna ba."

Na sunkuyar da kai.

"Ya so a yi shiru, na yi masa shiru," in ji shi. "Kai ma ga shi ka yi. Amma ni abokinsa ne kawai, ba ɗansa ba."

Na sayi icen ƙirya a makon, na sa a saman rumfa, da niyyar in ya bushe in je Bilbalogo da baƙin tukunya. Baba Tenga bai jira shi ba. Icen na nan har yau, wanda kuke cewa in bari a yi kujera da shi.

To, ga abin da nake so ku yi, kai Habibu musamman. Ku sauko da bindigar, ba ta taɓa ganin albarushi ba, ba abin tsoro. Ku kai ta bakin ƙofa wurin haske, ku kifa ta, ku duba bayan kunama wajen mariƙi, kamar tsawon gaɓar yatsa. In ido bai nuna muku ba ku shafa da farce, za ku ji ɗan karce siriri, miƙaƙƙe, ba rawa ko kaɗan. Wannan layin na kakanku ne, yana da shekara tamanin da ɗoriya ya ja shi, kuma daidai yake. Ramin da ke gabansa nawa ne. In baƙo ya sake tambaya, haka za ku faɗa masa, ko ina zaune a wurin.